Koyil ɗin da Baba Ya Naɗa wa Yaya

Wata Laraba ce, ina zaune a ɗakin malamai ina jiran a kaɗa ƙararrawar darasi na huɗu, na ci karo da labarin a waya. Ni malamar fiziks ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau. Tun da aka ce yayata tana da sankarar mama, duk ɗan hutun da na samu a waya yake ƙarewa. Na karanta abubuwa iri-iri, daga masu ganyen gwanda har masu madarar raƙumi, duk na wuce su. Wannan kuwa da na fara karantawa sai na gyara zama. An ce masu bincike a wata ƙasa suna gwada ƙarfin maganaɗisun lantarki a kan ƙwayoyin sankarar mama, kuma sun ga yana rage musu saurin girma. Babu allura, babu yanka. Waya ce ake naɗawa zagaye, a sakar mata lantarki, ƙarfin da ba a gani ya ratsa nama ya isa inda ƙarin yake.

Na karanta sau uku. Abin da nake koya wa 'yan aji biyar ke nan a wannan makon, har ƙusa da jan waya da batir suna cikin jakata.

Yaya ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni. A Tsafe take aure, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk unguwarsu an san kwalabenta. Da damina ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, ta yi shiru da bakinta har aka yi girbi. Da ƙyar na jawo ta babban asibiti a Gusau. Aka ɗebi ɗan nama aka auna, likitar ta ce sankara ce, za a yi mata ƙarin ruwan maganin daji sau shida domin ƙarin ya ragu, sannan a yi aiki. Ta yi biyu. Amai ya sa ta gaba, bakinta ya yi gyambo, ƙamshin suyar gyaɗar da ta rayu a cikinsa ya koma yana tayar mata da zuciya. Ranar zuwa na uku ta aiko mini da saƙo cewa ta gode, amma ta gama. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi. Mijinta ya yi nasa. Mako bakwai ke nan ba ta taka asibiti ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa na shiga aji kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na naɗa waya a jikin ƙusa, na jona batir, na kai ta kusa da tarin allurai, suka yi tsalle suka manne. Shekara goma sha ɗaya ina yin wannan a gaban ɗalibai, amma ranar ni na fi su mamaki. Na yi ta magana har malamar lissafi ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna mini agogo.

Da aka tashi ban koma gida ba. Na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Bungudu.

A Bungudu Baba yake. Ya yi shekaru yana aikin lantarki a masaƙa a Gusau, da ya yi ritaya ya koma gida ya buɗe gyaran fanka da injin ban ruwa a zaurensa. Naɗin koyil shi ne gwanintarsa: injin da ya ƙone, ya warware wayar cikinsa ya naɗa sabuwa. Amma tun da Yaya ta bar magani ya rufe akwatin kayan aikinsa. Masu fanka su zo su yi sallama, ya ce su kai wani wuri. Na same shi a kan buzu bayan la'asar, rediyo a gefensa a kashe.

"Lahiya dai?" ya ce. "Yau ba Asabar ba."

Na durƙusa na gaishe shi a gurguje, na fiddo waya na fara fassara masa. Da farko yana kallon ƙasa ne. Da na zo wurin naɗa waya zagaye sai ya ɗago.

"Mi kika ce? Sake hwaɗi."

Na sake.

"Koyil ke nan," ya ce. "Abin ga koyil ne. Yo ni mi nike yi shekara arba'in?"

"Shi ne na zo, Baba."

"Akwai hoto?"

Akwai wani ɗan zane a ƙasan labarin. Ya sa tabarau, ya kai wayar har kusa da hancinsa, ya yi ta kallo. Can sai ya dafa bango ya miƙe, ya je lungu ya jawo akwatin ƙarfen nan nasa. Murfin ya yi ƙara saboda daɗewa. Ƙamshin tsohon mai da dalma ya cika zauren, na ji kamar na koma 'yar shekara bakwai ina riƙe masa filaya. Ya fara fiddo kaya yana jerawa a kan buzu, yana magana shi kaɗai: wannan wayar ta yi kauri, wannan ta yi tsatsa, mita na nan da rai.

"Wayag ga ba ta yi," ya ce daga ƙarshe. "Sai sabuwa. Asabar mu tahi Sabon Gari."

Ranar Asabar tun ƙarfe takwas ya iso Gusau, da babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka tafi wani shagon kayan lantarki na wani dattijo Ibo da suka san juna tun zamanin masaƙa. Suka tafa, suka yi ta tambayar waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Baba ya ƙi kowace waya sai da ya murza ta tsakanin yatsu, ya kankare bakinta da farce ya ga jan tagullar. Mai shagon ya tambaye shi wane inji zai naɗa.

"Injin da ba ka taɓa gani ba," in ji Baba, yana murmushi a cikin gemu.

Abin da ya rage shi ne abin da za a naɗa wayar a kai. Muna tafe cikin kasuwa muna shawara, ni na ce bakin bokitin roba, shi ya ce zai narke. Sai ga wata mai sayar da rariya. Baba ya tsaya cak. Ya ɗauki wata babba, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa katakon gefenta, ya kara ta a ƙirjinsa ya ga faɗinta. Mai rariyar ta ce, "Baba, ta tankaɗe ce fa." Ya ce ya sani. Muna isa gidana ya cire ragar ya bar katakon.

Ya zauna a barandata ya fara naɗi. Ni na riƙe ƙullin wayar a jikin sanda ina sakar masa. Duk zagaye goma sai ya jefa ƙwayar masara ɗaya a cikin kofi. Yatsunsa sun kumbura da tsufa, amma waya na kwanciya kusa da 'yar'uwarta kamar kitso. Yana yi yana ba ni labarin wata babbar motar lantarki mai juya injin saƙa da Turawa suka ce sai an kai ta waje, shi ya naɗa ta cikin kwana huɗu. Na sha jin labarin, amma ranar na bar shi ya kai ƙarshe. Abinci ya huce a gefe. Sai da aka kira azahar ya ajiye.

Bayan la'asar ya gama. Ya naɗe shi da baƙin salatif, ya fiddo bakin waya biyu. Na ɗauko kamfas ɗin da na aro daga ɗakin gwajin makaranta, irin mai allurar nan da ke nuna arewa, na ajiye shi a tsakiyar tabarma. Baba ya tsayar da koyil ɗin kusa da shi, ya ce bismillah, ya taɓa waya a kan batirin babur. Allurar ta yi wuf ta juya, ta yi rawa ta tsaya tana kallon wani wuri daban. Ya cire, ta koma. Ya sake taɓawa, ta sake juyawa. Na sa littafi mai kauri a tsakani, ta juya. Na sa tafin hannuna, ta juya.

"Ya ratsa hannunki!" in ji Baba. "Kin ji wani abu?"

"Ko kaɗan."

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin girbi. Ni ma na kama tsalle a baranda kamar yarinya, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko haihuwa aka yi.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Tsafe, don hanyar ba a son yin yamma a kanta. Baba ya naɗe koyil ɗin cikin wani zanena ya rungume a cinya, ya hana kwandasta ya sa shi a but. Da muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi wani fasinja ya tambaye shi ko ganga ce. Ya ce magani ne. Kowa a motar ya juyo. Na sunkuyar da kai ina danne dariya.

Mun sami Yaya a kwance a kan tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gidansu. Ta rame, ɗankwalinta ya yi mata yawa. Kaskon suyarta na kife a gefe, kaji na hawa kansa. Da ta ga Baba ta yunƙura za ta durƙusa, ya hana ta.

"In maganar asibiti ta kawo ku," ta ce, "kun sha wahalar banza."

"Wa ya ce miki asibiti?" in ji Baba. "Kawo allura."

Na fara da ƙusa da batir, kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Allurai suka yi tsalle. Ta ɗan ɗaga gira. Sai Baba ya kwance zanen, na ajiye kamfas. Ya ce ta sa hannunta a tsakani. Ta sa, tana hararar mu. Allurar ta juya.

"Kai!" ta ce, ta janye hannun ta duba shi gaba da baya. "Sake."

Ya sake. Ta tashi zaune sosai. Ta sa faifai, ta sa murfin tukunyar ƙasa, ta sa hannu biyu a haɗe. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta zo ta gani. Kafin wani lokaci mata biyar sun zagaye tabarmar, kowa na son ta sa hannu, wata na a'uziyya, wata na cewa ai wannan sai Baba. Ni kuwa na tsaya ina bayani kamar a aji: yadda ƙwayoyin sankara ke rabuwa da sauri, yadda masu bincike ke ganin ƙarfin nan na iya rage musu gudu. Yaya na kallon bakina, idonta ya yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

Da matan suka watse ta jawo koyil ɗin ta kara a ƙirjinta. Ya zauna daidai, kamar an auna.

"To, jona," ta ce.

Ni a raina na riga na miƙa hannu ga batirin. Baba ne ya riƙe shi.

"A'a."

"Kamar yaya a'a? Ba don ni kunka yi shi ba?"

"Don ke munka yi shi. Amma taɓa nan." Ya kai yatsanta kan salatif ɗin. Ya yi ɗumi sosai saboda yawan jonawar da muka yi. "Kin ji? Wuta nawa za a ba shi? Minti nawa? A tsaye za a bar ta ko kashewa da kunnawa? Ke," ya juyo gare ni, "takardag ga ta hwaɗi?"

Na buɗe waya na duba daga sama har ƙasa. Ba ta faɗa ba.

"Tunda nike," in ji Baba, "ban taɓa jona inji ban karanta ɗan ƙarhen lambobi da ke manne jikinai ba. Injin mutane ma ke nan, balle ɗiyata."

Yaya ta ɓata rai. Ta ce an nuna mata ruwa an hana ta sha. Ta ce jikinta ne, in ya ƙone ita ya ƙona. Baba bai ɗaga murya ba, ya ci gaba da naɗe abinsa cikin zane.

"To wa ya san lambobin?" ta ce daga ƙarshe.

Ni da Baba muka kalli juna. Wallahi ba mu shirya wannan ba. Na ce a hankali, "Sai dai likitarki."

Wata kaza ta zo ta tsattsagi bakin tabarma, Yaya ta kore ta.

"Tambaya kawai," ta ce. "Ba wanda zai rataya mini ruwa."

"Tambaya kawai," in ji Baba.

Ranar Talata mijinta ya kawo ta Gusau ya juya. Muka zauna a bencin layi mu uku, Baba a tsakiya da ƙunshinsa. Ni duk na ƙagu. Na rubuta tambayoyi tara a bayan takardar jarrabawa, ina ta maimaita su a zuci. Har na fara tunanin yadda za a yi da sauran matan da ke kan bencin in abin ya yi: rariya ba ta ƙarewa a kasuwa, Baba na iya naɗa biyu a rana.

Likitar wata 'yar gajeruwar mace ce mai tabarau, Hausarta irin ta Kano. Da ta ga Yaya ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Na yi ta cigiyarki." Ba ta ƙara komai a kan wannan ba. Baba ya ɗora ƙunshin a kan tebur ya kwance. Na fara bayani, kalmomi na rige-rigen fita. Ta ɗauki koyil ɗin ta juya shi, ta bi layin wayar da yatsa ta inda salatif bai rufe ba.

"Wa ya naɗa wannan?"

"Ni," in ji Baba.

"Da hannu?"

"Da mi kuma?"

"Baba, wannan aiki ya yi kyau," ta ce. Ta karɓi wayata ta karanta labarin har ƙarshe, ba ta yi sauri ba. Sannan ta juyo da fuskar wayar gare ni, ta sa farce a kan wani layi. "Malama, karanta mini nan."

Na karanta. An ce an yi gwajin ne a kan ƙwayoyin da aka raina a cikin faranti a ɗakin bincike, da kuma ɓeraye. Sau nawa na karanta labarin nan, idona na tsallake layin kamar mai tsallake kwata.

"Binciken gaskiya ne," in ji likitar. "Ba irin na masu tallar awarwaron maganaɗisu a mota ba ne. Ni ma ina bibiyarsa, kuma ina fatan ya kai. Amma lambobin da kuke nema, su ne masu binciken ma suke nema har yanzu. Wane ƙarfi, wane irin bugu, tsawon wane lokaci, ga wace irin sankara. Abin da ya yi a faranti ba lallai ya yi a jikin mutum ba. In na ba ku lamba, ƙarya na yi muku."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Ba a buga ƙarhen ba tukuna."

"Ba a buga ba, Baba."

Ya fara yi mata tambayoyi irin nasu na masu aiki: wutar tsaye ce ko mai kai-da-komo, da me suke sanyaya shi in ya yi zafi. Wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba, ɗiyarsa ta fi ta sanin wannan fannin. Ni dai na naɗe takardar tambayoyina na cusa a jaka. Kunya ta kama ni, ta malamar da ke sa ɗalibai su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa.

Yaya ta fara gyara mayafi za ta tashi. Likitar ta ce, "Tunda kin zo, bari in duba. Hannu kawai." Suka shiga bayan labule. Da suka fito likitar ta jawo kujerarta kusa da ta Yaya, ta tambaye ta me ya kore ta. Yaya ta faɗa mata: aman, gyambon baki, kwana huɗu ba ta iya haɗiyar ko koko.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na zaci haka abin yake. Kuma kar a ce na cika raki."

"Akwai maganin aman da ya fi wanda na ba ki. Akwai na kurkure baki. Da kin faɗa da na canza tun a na biyu." Sannan ta ce, "Ƙarin ya ƙaru kaɗan, ba zan ɓoye miki ba. Amma har yanzu yana motsi a ƙarƙashin hannuna, kuma wannan alama ce da nake so. Za mu yi hoto mu tabbatar. Hajiya, abin da suka karanta, rage gudu yake nema ya yi. Wanda ke hannuna, sau da yawa yana mayar da ƙarin baya. Kuma nasa lambobin an san su."

Yaya ta kalli koyil ɗin a kan tebur, ta kalli Baba.

"Baba, mi ka gani?"

"Ni dai," ya ce, "injin da ke da takarda shi nike jonawa."

Ta sauke numfashi. "Yaushe?"

"Alhamis, in hoton da gwajin jini sun yi kyau."

A bakin ƙofar asibiti na rungume ta har ta ce zan karya ta. Baba ya tare mai rake ya saya mana, muka tsaya a inuwa muna sha, shi yana ta cewa likitar nan ta san aiki, ka ga yadda ta bi layin waya da yatsa? Koyil ɗin kuwa bai kwana biyu ba. Da ya koma Bungudu ya warware shi tas, ya ce sabuwar waya ba ta zama banza, ya naɗa fankar masallacin unguwarsu da ta shekara a mace. Daga nan masu gyara suka ji labari akwatin ya buɗe, suka dawo.

Hoton ya nuna ciwon bai bazu ba. Yaya ta dawo gidana da zama domin ta yi kusa da asibiti. Ba zan ce sauran zagayen sun zo da sauƙi ba. Akwai ranakun da ta juya wa bango fuska ta ƙi yi mini magana. Amma sabon maganin aman ya taimaka, tana iya shan kunu da farfesun kaza, kuma yanzu duk abin da ya dame ta sai ta sa in rubuta, ranar zuwa ta karanto wa likitar ɗaya bayan ɗaya kamar mai kai ƙara. Kafin kowane ƙarin ruwa likitar kan auna ƙarin da wani ɗan ma'auni. A na huɗu ta ce ya fara laushi. A na biyar ta auna, ta sake aunawa, ta kama hannun Yaya ta ɗora a wurin ta ce, "Nemo mini shi." Yaya ta yi ta lalube. Da ta same shi ta ce, "Wannan ɗan abin?" Na fita baranda na kira Baba, ina magana ina kuka ina dariya, har ya ce in tsaya in yi numfashi don bai gane ko ɗaya ba.

Bayan na shida aka yi aikin, aka cire maman da wasu ƙwayoyi na hammata. Da aka sallame ta Baba ya ce Bungudu za ta yi jinya, a ɗakin marigayiya Innarmu. Hannunta na hagu ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa. A asibiti an koya mata wani motsa jiki: ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, kullum ta ƙara kaɗan. Ta tsane shi. Ta ce wasan yara ne, kuma yana ja mata ɗinki.

Baba yana da tsohon ciwon kafaɗar dama, tun wata faɗuwa da ya yi daga tsani. Da ya ga tana zillewa, sai ya zo ya tsaya kusa da ita ya ɗora nasa yatsun a bango. Ya ɗauko gawayi ya ja layi inda nasa suka tsaya, ya ja inda nata suka tsaya. Nasa ya fi nata da kamar taƙi guda.

"Tsoho ɗan saba'in da biyar," ya ce, ya tafi abinsa.

Duk Asabar in na zo sai in tarar da bangon ya ƙara layuka, nata a hagu, nasa a dama. Suna gardama a kan wa ya yi ɗage, wa ya karkata kugu. Ni aka naɗa alƙali. A Asabar ta biyar na zo da rula daga makaranta. Suka jera bayan sallar walaha, matar ƙanenmu da ke zaune a gidan ta bar wanke-wanke ta zo kallo. Baba ya hau, ya hau, ya tsaya yana cije leɓe. Na ja layi. Yaya ta fara daga ƙasa, a hankali, tana numfashi ta baki. Ta zo daidai layinsa ta tsaya. Na ce ya isa haka. Ta ce in rufe mata baki. Yatsan tsakiya ya ƙara matsawa, sannan manuni ya bi shi.

Na auna. Ta wuce shi da inci ɗaya da rabi.

Matar ƙanenmu ta rangaɗa guɗa. Baba ya ce bangon ne ba daidai ba, gefenta ya fi gangara, gobe a sake a bangon zaure. Yaya ta sauke hannun tana haki, ta zauna a kan turmi, ta ce a kawo mata fura, kuma a dama da yawa don yunwa take ji.